Sikelin Dare a Båtsfjord

Wata biyu ke nan rana ta yi yaji,
ko leƙen kan dutse ba ta yi.
Gunvor Eilertsen ta daina tambayar agogo
ko hantsi ne ko almuru.
Kukan fanka ne lokacinta yanzu,
fankar kwamfutar da jikanta Sindre
ya tura ƙarƙashin tebur
ranar da zai koma haƙar mai a tsakiyar teku.

Ya ce, "Kaka, kar ki kashe ta, aronta na bayar."
Ta ce, "Wa ka ara wa?"
Ya ce, "Ban san su ba. Su ma ba su san ni ba."

Ga yadda ta fahimci abin:
wani can yana da lissafin da ya fi ƙarfin injinsa,
sai a daddatsa shi kamar kifi a kan katako,
yanki ya tafi Busan,
yanki ya tafi Rosario,
yanki ya faɗo kusa da silifas ɗin tsohuwa.
Kuma ba a karɓar amsa tsirara.
Sai ta zo da shaidarta a hannu,
'yar hujjar da ake kwana ana ƙullawa,
amma mai dubawa, kafin ya ƙifta ido,
ya san ko ƙullin na gaskiya ne.

Wannan ya burge ta.
Shekara talatin da ɗaya ta yi a bakin sikelin tashar jirage,
ta san ƙanƙarar da ake ɓoyewa ƙasan kwando,
ta san babban yatsan da ke jingina da ƙarfe,
ta san rantsuwa ba ta da nauyi ko na ƙaya.

Safa tana bushewa a kan akwatin.
Kyanwa ta mai da shi gado.
Layi kore, layi kore: an karɓa, an karɓa.

Sai daren Laraba, ja.
Ta gyara tabarau. Ja kuma.
Sau uku a jere an ce hujjarta ba ta tsaya ba.
Babu zagi, babu wanda ya kira sunanta,
an dai miƙa yankin ga wani injin
a garin da ƙila rana ke dukan kwano.

Ta zauna, shayi ya huce.
Abin da ya zo mata ba kwamfuta ba ne.
Oddvar ne, da jirginsa mai shuɗin baki,
da safiyar da hannunta ya daskare
ta rubuta ɗari huɗu da goma sha biyu
inda ya kamata ɗari huɗu da ashirin da ɗaya.
Sai da daddare ta gane.
Ta ce gobe. Goben ta zama bazara.
Bazarar ta tafi da Oddvar.
Kilo tara.
Babu wanda ya duba, babu wanda ya kama,
shi ya sa har yau ita ke ɗauke da su.

Da wuƙar shafa man shanu ta kwance murfin.
Gashin kyanwa ya shaƙe fankar kamar auduga,
zafi ya sa injin yana ƙirga abin da babu.
Ta sa tsohon buroshin haƙori,
ta hura, ta yi atishawa, ta rufe.

Can wajen ƙarfe huɗu, kore.

Ladan watan duka
bai sayi ƙullin gahawa ba.
Da Sindre ya bugo, iska na cinye rabin maganarsa,
ya ce, "Komai lafiya?"
Ta ce, "An kama mu da kuskure, an mayar mana.
Yaro, ba ka san daɗin wannan ba."

Ta ɗauke safa, ta ɗora wata.
Kyanwa kuwa, daga yau, kujera.